Kujerar Falo: A Duba Ƙashi Kafin A Duba Riga

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan shafi za su yi mamaki idan suka ga malamin jami'a ya bar batun tsaro da siyasa da tsadar rayuwa, ya ɗauki alƙalami a kan kujera. Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri. Kujerar mulki tana da masu rubutu a kanta da yawa, amma kujerar falo, wadda ke lanƙwame albashin wata biyar ko shida na ma'aikaci, wadda kuma ke jefa uban amarya cikin bashin da zai shekara yana biya, ban ga mai kula ta ba. Alhali kuwa duk gidan da ka shiga a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ita ce abu na farko da idonka zai fara faɗawa a kai, kuma sau da yawa ita ce abu na farko da ke mutuwa a cikin kayan gidan.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A shekarar 2017 na tara 'yan kuɗaɗena, na nufi wani shagon kayan ɗaki da ba zan ambaci sunansa ba, na sayo irin doguwar kujerar nan mai kusurwa, wadda ake jera gaɓoɓinta su bi bango su karya kwana, matasa na ce mata "el-shef" saboda kamarta da harafin L. Launinta ruwan madara, jikinta wata leda mai sheƙi da mai shagon ya rantse mini cewa fata ce, an kuma ƙawata ta da maɓallai masu walƙiya. Ranar da aka kawo ta maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa albarka. Uwargida kaɗai ta zagaya ta, ta danna nan ta danna can, sannan ta ce, "Malam, wannan ai ta gidan da babu yara ce." Na yi dariya, na ce mata ta bari kawai.

Kafin a shekara, ledar ta fara ɓarewa kamar bayan ƙadangare. Kafin a cika wata goma sha takwas, wurin da nake zama ya lotsa har ina jin katako a ƙarƙashina. Ana nan wata rana ƙaramin ɗana ya yi tsalle a kan gaɓar tsakiya, sai muka ji ƙara, ƙafa ɗaya ta fice da ƙusoshinta. Da na kira wani dattijon kafinta ya farke bayanta, abin da muka gani ya isa wa'azi: siraran katakai ɗanyu da aka haɗa da ƙusa zalla, kwali a wurin da ya kamata a sa falanki, da buraguzan soso da aka cusa a buhu. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ai riga ka saya, ba kujera ba." Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Tun daga ranar na shiga yi wa kujera irin binciken da na saba yi wa kalma, wato in bi ta har tushenta, kuma abin da na koya shi nake son in raba da 'yan'uwana magidanta.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, ba zan iya wucewa ban taɓa kalmomin ba, domin su ma suna da abin faɗi. "Falo" da "kushin" da "kafinta" duk daga Ingilishi muka aro su, "katifa" kuwa daga Larabci. Kalmar "sofa" da Bature ke taƙama da ita, asalinta "suffa" ce ta Larabci, wato wani tudun wurin zama da ake yi wa shimfiɗa, kusan abin da muke kira dakali, ta bi ta hannun Turkawa ta shiga harsunan Turai. Ita kuwa "kujera" a gidan Bahaushe na da, 'yar ƙaramar aba ce ta itace da mace ke zama a kai tana tuƙa tuwo, kuma akan gaje ta daga uwa zuwa 'ya ba ta ko girgiza ba. Namiji yana da buzunsa da tabarmarsa a zaure. Abin nufi shi ne, kujerar falo baƙuwa ce a wurinmu. Mun karɓi siffarta, amma ba mu gaji ilimin tantance ta ba, kamar yadda kakanninmu suka gaji ilimin tantance doki ko ƙore ko takobi. Shi ya sa mutumin da ba za a iya cutarsa a cinikin shadda ba, sai a cuce shi a cinikin kujera cikin ruwan sanyi.

Matsayina a wannan batu guda ɗaya ne: duk mai yara da zai sayi kujera, to ya saye ta domin mutanen da ke kwana a gidan, ya kuma auna ta da abin da ke ɓoye a cikinta. Baƙo yakan zauna rabin sa'a ya tafi. Yaro kuwa a kanta zai yi aikin makaranta, ya sha kunu, ya yi kokawa da ƙanensa, barci ya kwashe shi har ya yi fitsari. Kujerar da ba za ta jure wannan ba, komai kyanta, ta fāɗi jarrabawa tun kafin a shigo da ita.

Abu na farko shi ne ƙashin kujerar, wato katakon da aka gina ta a kai. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga dazuzzukan kudu da tsakiyar ƙasar nan ake kawo shi, kuma sau da yawa yana isowa da sauran ruwa a jikinsa. Idan aka yi aiki da shi a haka, da zarar hunturu ya kama, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya bushe ya tsuke, ya murɗe, ƙusoshi su saki. Wannan ne dalilin da ya sa kujerar da aka saya da damina take fara kuka a watan Janairu. Saboda haka a nemi busasshen katako mai tauri, irin su maɗaci, ko kuma filawud mai kauri kamar milimita 18. Farin katako mara nauyi yana da araha, amma ƙwaro na son sa. Idan ka ga gari mai laushi yana zuba a ƙarƙashin kujera, to ana cin ta daga ciki. Shi kuwa allon nan da ake yi da matsattsen garin katako, ruwa kaɗan ya isa ya kumbura shi ya ruguje, kuma gidan yara ba ya rabuwa da ruwa.

Bayan irin katakon sai yadda aka haɗa shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kujera. Ana bukatar gam da sukurori, da kuma ɗan guntun katako mai kusurwa uku da ake ɗaurewa a kowane lungu domin ya hana gaɓoɓin motsi. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a shago: ka ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya kamar santimita 15 daga ƙasa. Idan ɗaya ƙafar ta gaba ta biyo ta sama, ƙashin yana da ƙarfi. Idan ta tsaya a ƙasa, kujerar tana murɗewa ke nan, sai ka yi sallama ka ƙara gaba. Ka kuma leƙa ƙarƙashi ka ga abin da ke tallafe da mazauni, ko sufirin ne na ƙarfe ko bel mai faɗi da aka saƙa kusa da kusa. Idan mai shago ya hana ka leƙawa, wannan ma amsa ce.

Abu na biyu shi ne soso. Masana'antar soso ba sabuwa ba ce a Nijeriya, domin kamfanin Vitafoam tun 1962 yake, Mouka kuwa a nan Kano ya samo asali a 1959, amma har yau kaɗan ne daga cikinmu suka san da me ake auna ingancin soso. Yawancinmu mukan danna shi da hannu, in mun ji tauri mu ce mai kyau ne. Tauri daban, nauyi daban. Abin da ke nuna yawan shekarun da soso zai yi shi ne nauyinsa a kowace mita guda ta tsawo da faɗi da kauri, kuma na mazauni bai kamata ya gaza kilo 30 ba. Ga lissafi a sauƙaƙe: kushin mai tsawon santimita 60, da faɗin 60, da kaurin 15, idan da soson kilo 30 aka yi shi, nauyinsa zai kai kilo ɗaya da rabi da 'yan kai, idan kuwa da na kilo 18 ne, ba zai cika kilo guda ba. Sai dai a lura, akwai masu cuɗa garin alli a cikin soso domin ya yi nauyin ƙarya, irin wannan yakan yi gari ya farfashe. Mafita ita ce mutum ya sayi sosonsa da kansa a wurin dilan kamfanin da aka sani, da tambarinsa a jiki, ya kai wa kafinta. Zuwa da kai ya fi aike.

Abu na uku shi ne rigar, kuma a nan ne aka fi yi mana sakiyar da babu ruwa. Ledar da ake kira fata ba ta jure zafin watan Afrilu da gumi, ɓarewa take yi, kuma ba ta gyaruwa. Fata ta gaskiya tana daɗewa, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Karan-miski yana da kyau a ido, amma ƙurar hunturu a cikinsa take kwana, ga wahalar da yake ba yaro mai asma. Abin da ya dace da gidan yara shi ne yadi mai matsattsiyar saƙa, wanda in ka ɗaga shi a rana ba ka hango haske sosai ta cikinsa, mai launi tsaka-tsaki kamar ruwan ƙasa ko ruwan toka, wanda tabon manja da zoɓo ba za su yi masa tambari ba. Wasu yadukan da ake shigowa da su suna ɗauke da lambar gwajin guga da ake kira Martindale. Wanda ya kai 25,000 ko ya haura shi ne na gidan da ake yawan zama. Mafi muhimmanci, a yi wa kowane kushin riga mai zif da za a iya cirewa a wanke, a sa masa shafi mai hana ruwa shiga daga ciki, a kuma sayi ƙarin yadi huɗu ko biyar a ajiye, domin ranar da za a nemi irinsa a kasuwa ba lalle ne a samu ba.

Yanzu bari in dawo kan ita mai kusurwar kanta, domin tana da nata sharuɗɗan. Amfaninta a fili yake: tana cin lungun da da zai zauna a banza, tana ɗaukar mutane da yawa, iyali kuma su taru wuri guda. Amma yawancin ma'aikata a gidan haya suke, kuma kujerar da aka ƙera ta karya dama, idan aka koma gidan da ƙofarsa ke wancan ɓangaren, ta zama kaya. Don haka a sa kafinta ya yi ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙafafunta, yadda za a iya juya ta hagu ko dama, ko a raba ta gida biyu, tare da maƙalai na ƙarfe a ƙarƙashi da za su hana gaɓoɓin rabuwa idan yara na wasa. A auna falo da ƙofa kafin a je kasuwa, a bar hanyar wucewa da ba ta gaza santimita 80 ba. Na san gidan da sai da aka cire taga kafin kujerun amarya su shiga. Tsayin mazauni daga ƙasa ya kasance wajen santimita 45, domin kujerar da ke nutsewa da mutum azaba ce ga tsohon da ke fama da gwiwa. Ƙafafun kuma su ɗaga ta yadda tsintsiya za ta shiga.

Akwai kuma wani abu da masu ƙera ta a ƙasashen waje ba su yi lissafi da shi ba, wato kunya da girmamawa irin tamu. Doguwar kujera guda ɗaya tana tilasta wa mutane zama kafaɗa da kafaɗa. A gidan Bahaushe kuwa suruki ba ya zama kujera ɗaya da surukinsa, matar aure ba ta zama gefen baƙon mijinta, yaro kuma ƙasa yake zama idan babba na sama. Na sha ganin falo cike da kujera mai cin mutum takwas, amma mutum ɗaya ne a kai, sauran duk suna ƙasa a takure saboda kujerar ta cinye filin. Shawarata ita ce a rage tsawonta, a ƙara kujera guda mai zaman mutum ɗaya domin babban baƙo, a bar tsakiyar falo fili domin darduma, da faranti, da sahun salla.

Ba zan bar batun lafiyar yara ba. Maɓallan ado masu walƙiya suna ɓallewa, kuma duk abin da ya ɓalle bakin mai rarrafe zai nufa. Sassaƙaƙƙen katako mai tsini a hannun kujera daidai yake da goshin ɗan shekara biyu. Sannan soso abokin wuta ne: yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne da ke kashewa kafin harshen wutar ya iso. A Ingila sai da gobara ta tashi a sashen kujeru na wani babban kanti a birnin Manchester a 1979, mutum goma suka mutu, kafin a kai ga dokar 1988 da ta tilasta yin kayan ɗaki da soso mai jure wuta. Mu da muke ajiye kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da kyandir a gindin kujera, mu ne muka fi bukatar wannan tunatarwa.

To, ina batun kuɗi? Wani zai ce, Malam, duk wannan zance ne na mai hali. Ni kuwa ina ganin mara hali ne ya fi bukatarsa, domin shi ne ba zai iya saye sau biyu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, har dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, soso da yadi da gam duk suka yi tashin gwauron zabo, domin sinadaransu daga waje suke zuwa. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka tsayar a 2024. A irin wannan hali, farashin da ke rubuce a jikin kujera ba shi ne tsadarta ba. Sai an raba shi da shekarun da za ta yi. A misali kawai, a ce ga ta naira 600,000 da za ta mutu a shekara uku, wato 200,000 ke nan duk shekara. Ga kuma ta 900,000 da za ta kai shekara goma, ko da an kashe mata 200,000 a tsakiya wajen sabunta riga, ta tashi a 110,000 duk shekara. Wace ce mai arahar? Hausawa sun riga sun yanke hukunci da suka ce araha ba ta ado.

Na san akwai masu cewa kafintocinmu ba su da alkawari, gara 'yar Turkiyya ko 'yar Sin. Ban musa cewa akwai masu cin kuɗin mutane su ɓace ba, akwai kuma kayan waje masu inganci. Amma kujerar waje a rufe take zuwa, ba ka ga cikinta ba, kuma idan ta karye babu wanda za ka kama. Ta gida kuwa kana iya tsayawa a kanta. Abin da na yi a karo na biyu ke nan, a 2019, tare da dattijon nan da ya buɗe mini ido. Muka rubuta yarjejeniya a takarda gaban shaida: irin katako, da awo, da ranar gamawa. Na raba biyan gida uku: kafin alƙalami, sai kashi na biyu bayan na je na ga ƙashin tsirara kafin a rufe shi, sai cikon ranar da aka kawo. Soso da yadi ni na sayo. Ba ta da walƙiya, babu maƙwabcin da ya shigo sa albarka. Amma lokacin yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, da babu albashi balle zancen gyara, yarana huɗu a kanta suka yi ta tsalle, kuma har yau tana nan daram. Rigunanta kawai muke cirewa mu wanke.

Kirana na musamman ga iyayen amare ne, domin a al'adarmu su ke ɗaukar nauyin kayan ɗaki. Ana sayen kujerun ne domin ranar jere, domin 'yan ganin ɗaki su yaba, alhali 'yan ganin ɗaki kwana ɗaya suke yi, ita kuwa yarinyar nan da shekara biyu tana da goyo. Sai ka ga uba bai gama biyan bashin kujeru ba, kujerun sun riga sun koma bayan gida kaji na kwana a kai. Wani gidan kuma, saboda tsoron kada a ɓata su, sai a lulluɓe su da zani, a kulle falo, a hana yara shiga ɗaki mafi girma da iska a gidan ubansu. Wane irin ciniki ne wannan, da za mu sayi kaya da guminmu sannan kayan su kori 'ya'yanmu?

Ina kuma kira ga ƙungiyoyin kafintoci da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, da su duba yiwuwar a riƙa liƙa wa kowace kujera takardar da ke bayyana irin katakonta da nauyin sosonta da irin yadinta, cikin Hausa da Ingilishi. Kafinta mai gaskiya shi zai fi kowa cin ribar haka, domin a yanzu aikinsa da na maha'inci kama ɗaya suke yi a ido. Kafin a kai ga wannan, nauyin yana kanmu mu masu saye. Idan ka shiga shago, ya ɗan'uwa, kada ka ji kunyar durƙusawa ka leƙa ƙarƙashi, ka ɗaga ƙafa, ka buɗe zif, ka yi tambaya. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Ni na biya kuɗin wannan karatu da tsada a 2017, ba na fatan wani ya sake biya.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma sa albarka a cikin abin da muke nema.